Matan cikin kaset

Konni, daren Talata, watan Yuli 1993

Har yanzu ba ruwa. An ce zunubi ne ya tsai da damina, shi ya sa yau anka kori matan gidan magajiya daga gari.

Kuluwa, ɗaya daga cikinsu, ta biyo asibitin da nake aiki da ƙunshin kayanta don mu yi ban kwana. Na daɗe ina duba ta, ina buga mata hatimi a katin lafiya. Ba kuka, ba faɗa.

Tac ce, "Malama, ƙanenki Sani mai gidan bidiyo fa? Matan da yake nunawa tsirara a kaset, ba aikinmu guda ba?"

Na ce na ji wai a ƙasarsu doka ta ɗauke su 'yan wasan sinima ne.

Ta yi murmushi. "Ashe kamara ce ba mu da ita."

Na raka ta bakin hanya, ta hau motar siminti zuwa Malbaza.

Da magariba Sani ya zo cin tuwo, yana murnar an tsarkake gari. Na ce, "Matan kaset ɗinka fa, su ba su hana ruwa?"

Ko lomarsa bai ajiye ba yac ce, "Haba Yaya, ai su ba 'yan garin nan ba ne."