Faifan da Inna Ta Ce in Fasa

Jega, Jihar Sakkwato.

Zuwa ga yayana, marigayi Sani Direba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawar da ta dace da babban wa, ina sanar da kai cewa na kammala digiri. Saƙon rasuwarka ya iske ni a ɗakin jarrabawa, na iso bayan an rufe ka da kwana uku. Har yau ban yi kuka ba. Na binciki zuciyata bincike na ilimi, ban tarar da komai ba.

Maganar faifanka ce ta sa na ɗauki alƙalami, ƙaramin nan da ka sayo a Legas makon da ya fito, lokacin da ka kai albasar Aliero. Ka ɗora shi a garmaho a ƙofar gida, jitar ta riƙa lanƙwasa kamar ana kaɗa ta a ƙarƙashin ruwa. Kowa ya ce batir ne ya yi sanyi. Sau uku aka canja, sautin bai miƙe ba. Ni kuma na tashi na gabatar muku da lacca cewa wannan juyin juya hali ne a falsafar kiɗa. Ka dube ni ka ce, "Malam Boko, zamna mu ji."

Daga baya ka kai motarka wurin makaniki, ya gyara hon ɗin har ya riƙa fitar da farkon kiɗan. Direbobi suka kwaikwaya. Yanzu daga tashar Jega zuwa Maiyama, da wuya babbar mota ta wuce ba da shi ba, alhali yawancinsu ba su taɓa ganin faifan ba. Ina jin hon ɗin sau goma a yini. Ba na ko waiwayawa.

Inna ta kira ni shekaranjiya. Ta ce, "Hwasa shi kahin sadakar arba'in. Duk wanda ya sa shi, yayanka ne zunubin zai iske." Na shirya hujjoji masu nauyi domin in rushe wannan ra'ayi, amma da na ga yadda ta rame, na ce mata to.

Jiya na saurare shi sau ɗaya, fuska biyun duka. Na jira wani abu ya motsa a ƙirjina. Allurar ta kai ƙarshe, na ɗage ta.

Yaya, na ɗauki taɓarya, na kuma ajiye. Na ce wa Inna na fasa, ta sa mini albarka. Yana ƙasan akwatina, cikin ambulan ɗin takardar digirina. Ba zan sake sa shi ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka. In akwai laifi a faifan nan, da ƙaryar da na yi wa Inna, Allah Ya ɗora mini, Ya bar ka ka huta.

Ƙanenka,
Bello