Goron Garba a Tabarma

Bodinga, daren Alhamis, 1982

Tun muna samari nake cewa gurbin karatun Ingila nawa ne, aka ba Garba don ubansa ya san manya. Yau Garba ya zo garin Shagari da motarsa, mutane sai rawar jiki suke.

Bayan la'asar ya ja ni gefe, ya jera goro a tabarma, wai zai nuna mini yaren kwamfutarsu. Ka faɗa mata siffofin da abu zai iya zuwa da su, ita ta duba wadda ta dace ta ba da amsa. In jeri yana da na farko da saura, yawansa ɗaya ne a haɗa da yawan sauran.

Sai ya kwashe goron duka. "To Umaru, sarkin lissafi, wagga siffa fa? Mi za ka ce mata?"

Na yi ta kallon tabarma. Jerin da ba komai, yawansa sifili ne kawai, amma sai a motar komawa Bodinga amsar ta zo mini.

A aji ni nake raɗa masa amsa. Ashe ba gurbin kaɗai na rasa ba. Kaifin kan ma ya tafi.