Masuntan Port Laurent Za Su Kai Dakta Felicien Gida

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masunta ta Port Laurent ta samu labarin rasuwar Mai Girma Dakta Osbert Ignatius Felicien, tsohon Magajin Garin wannan birni, tsohon ɗan Majalisa mai wakiltar Mazaɓar Kudu, kuma tsohon Firaministan ƙasarmu, wanda ya cika ranar Talata a gidansa bayan doguwar jinya, yana da shekara tamanin da uku.

Marigayin namu ne tun kafin ya zama na kowa. A ƙauyen Anse Corail aka haife shi, mahaifinsa mai saƙar koma, mahaifiyarsa mai tallan kifi, kuma da ya hau kujerar Magajin Gari bai manta hanyar bakin ruwa ba. Shi ya rufa mana kasuwar kifi da kwano, ya kawo injin ƙanƙara, matanmu suka huta da zubar da kifin da ya kwana. Shekarar da mahaukaciyar guguwa ta farfasa mana kwale-kwale, katakon da aka ware don gyaran ofishinsa ya sa aka kawo mana, ya yi damina guda yana aiki da bokiti a gefen teburinsa yana tare yoyo. Wannan da idonmu muka gani, ba labari aka ba mu ba.

A wa'adi biyu da Mai Girma ya yi a matsayin Firaminista, ya shimfiɗa titin da ya haɗa arewa da kudu, ya soke kuɗin makarantar sakandare, ya kuma tsaya a manyan tarukan duniya yana kare haƙƙin ƙananan tsibirai irin namu. Sai dai mutuwa ba za ta sa mu yi ƙarya ba, shi kansa kuwa ba mai son fadanci ba ne. A wa'adinsa na biyu ya sa hannu aka ba wani kamfanin otal gaɓar Anse Corail, inda iyaye da kakanni suke jan kwale-kwalensu, aka zagaye ta da shinge, aka sa ƙofa da mai gadi. Tun daga nan ba mu sake gayyatarsa bikin Waliyyi Bitrus da ake sa wa jiragenmu albarka ba, shi ma bai sake leƙowa ba. Abin ya yi mana ciwo, har gobe kuma yana yi.

Ranar Laraba 'yarsa, Barista Claudette Felicien, ta iso mana da wasiyyarsa: ba ya son jirgin sojan ruwa da gwamnati ta tanada, masunta yake so su ɗauke shi ta teku zuwa maƙabartar cocin ƙauyensu, kamar yadda muke yi wa duk wanda ruwa ya ciyar. Taronmu ya yi zafi ƙwarai. Wasu suka ce a bar otal ɗin ya ɗauke shi, ai yana da jiragen yawo da baƙi. Ana ta cacar baki sai Ma Zabette, dattijuwar kasuwa wadda suka yi wasan ƙasa tare da marigayin, ta miƙe ta ce, "Ku ji min shirme. Daga teku zuwa cocin nan akwai wata hanya ne in ba ta cikin shingen ba? Osbert ya sani sarai da ya ce ku kai shi." Nan gardama ta ƙare.

Don haka ƙungiya ta yanke cewa ranar Asabar da safe babu mai jefa koma. Za a busa ƙahon kodin teku a tashar jiragen ruwa ta birni, kwale-kwalenmu duka su raka gawar, mu sauka a gaɓar Anse Corail.

A madadin Shugaba da ɗaukacin mambobinmu, muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, Madam Verna Felicien, da 'ya'ya da jikoki, da Gwamnati da al'ummar ƙasa baki ɗaya. Ubangiji Ya gafarta masa kurakuransa, Ya ba shi hutu na har abada, Ya ba iyalansa haƙurin jure wannan babban rashi.

Ga hukumar otal ɗin kuma, sanarwa ce wannan, ba neman izini ba. Za mu iso ƙofarku da akwatin a kafaɗa. In har mai gadinku yana da umarnin hana 'yan bakin ruwa wucewa, to, ga wanda ya sa hannu aka ba ku gaɓar nan mun kawo, sai ya fara tare shi.

Sa hannun:
Hilary Augustin Polius
Kakakin Ƙungiyar Masunta ta Port Laurent