Tarbur

Peshawar, ranar Laraba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ciwon ƙafarki ya yi sauƙi, kowa a gida kuma lafiya.

Saƙonki ya iso, Inna: bindigar Baba naɗe cikin rigar ƙanena Zmarai. Jinin ya bushe ya yi baƙi, ga hujin harsashi a ƙirji. Na kuma ji maganarki, cewa in ban kashe Khushal ɗan baffana ba, ba ki yafe min nonon da na sha ba. Kin san ba tsoro ya riƙe ni ba. Tun ranar da ya harbe Zmarai a kan rabon ruwan gona, hannuna bai huta ba. Makon jiya wani direba ya ce in yi sauri, na fasa masa baki da sifana, haƙoransa a ƙasa. Mai garejinmu ya ce ko in je wurin mai sauraron damuwar mutane, ko in kwashe kayana.

Na je. Sunansa Sangin, siriri kamar tsinke. Na ɗauka wa'azi zai yi min ko ya ba ni ƙwaya. Ina! Shayi ya zuba, ya ce lokacin nawa ne, in fara daga inda na ga dama. Na ce in ya isa ya faɗa min, in kashe ko in bari? Ya ce shi kam ba ya son a zubar da jinin kowa, amma ba zai yi min hukunci kamar dattijon gari ba, yana so ya ji abin da ni nake so. Na maka kofin a bango, na kira shi ɗan iska mai cin albashin zaune. Ko gezau. Ya dubi fasasshen kofin, ya ce da alama na daɗe ina ɗauke da wutar nan ni kaɗai.

Ki sa ni a addu'a.
Ɗanki, Baryalai

Peshawar, ranar Asabar

Inna,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, kina kuma cin abinci.

Makonnin nan ina ta komawa wurin Sangin. Ni ke magana, shi sai ya dawo min da kalmar da na faɗa. Rannan ina zagin Khushal, ina ta cewa tarbur, tarbur. Sai ya ce a harshenmu tarbur ɗan baffa ne, kuma abokin gaba ne, wanne nake nufi?

Duk da haka na ɗauki bindigar. Na sami Khushal da rana tsaka a wurin gasa bulo inda ya ɓuya. Na kwaɗa masa gindin bindiga a fuska, hancinsa ya fashe. Na tattake shi har na ji haƙarƙarinsa ya yi ƙara. Bai ɗaga hannu ba. Na ɗora masa bakin bindiga a goshi, ya tofar da jini, ya ce, "Harba mana, Kunnen Jaki. Amma faɗa min, ƙafar Inna ta warke?"

Sunan da yake tsokanata da shi tun muna yara. Kuma Inna ya kira ki, kamar kullum.

Ban harba ba. Babu wanda ya hana ni, ni na zaɓa. Da na ba Sangin labari bai yaba min ba, ya dai zauna da ni har kukan da na fashe da shi ya ƙare. Ban yafe wa Khushal ba, dattawa za su zauna a kansa. Bindigar tana hanya zuwa gare ki, rigar kuwa na riƙe.

Ki yi fushi da ni in kin ga dama. Amma ki tuna ranar da uwarsa ta rasu wajen haihuwa, ke kika ɗauke shi kika sa a ƙirjinki kusa da ni. Nonon da kika ce ba ki yafe min ba, shi ma ya sha.

Allah ya ba mu haƙuri.
Ɗanki har abada, Baryalai