Kakata Ta Fi Son Hoton da Na Goge Mata Tsufa

Malam Gide, don Allah ka cece ni. Murna ta jefa ni cikin rami, kuma har yanzu dariya nake yi a cikinsa.

Ni tela ne a Ƙanƙara, amma abin da ya fi cin raina shi ne ɗaukar hoto da waya. Muna da zaure a WhatsApp, mu 'yan koyo na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Kowa ya sa hotonsa, sauran su yi masa fiɗa. Akwai wata Shafa'atu 'yar Sabuwa, tunda na shiga ban taɓa jin ta yabi hoton kowa ba. Na taɓa sa hoton rago, ta tambaye ni ko buhun gawayi ne.

To, kwanaki na je Mabai gaida kakata, Kaka Mero. Na same ta da hantsi tana shiƙar gero. Na tsokane ta na ce matar nan tawa ta tsufa, zan sake ta. Ta kwashe da dariya, giɓinta a waje, ƙaiƙayi na tashi cikin rana kamar zinariya, ni kuwa na danna. Malam, da na sa hoton nan zaure ya kama da wuta! Shafa'atu da kanta ta rubuta cewa wannan shi ne hoto. Ranar sai da na ɗinka wa wani mutum aljihu a bayan riga.

Sai Muttaka na Faskari, gwaninmu na tace hoto, ya ce fuskar ta ɗan yi duhu, ya koya mini yadda ake ƙara haske da sulɓi a wata manhaja. Abin ya yi mini daɗi, na yi ta ja. Kafin in farga tamojin tsufa ya tafi, giɓi ya cike, har tsagar gadon da ke kumatunta ta ɓace. Don wasa na wanke duka biyun na kai mata.

Nan na jawo wa kaina. Ta fizge gyararren ta rungume, ta ce wallahi haka take ranar da aka kawo ta ɗakin kakanmu. Yanzu yana rataye saman jeren kwanoninta, matan unguwa na zuwa kallo, tana ba su gyaɗa. Na gaskiyar kuwa ta kife shi ƙarƙashin tabarma, ta ce wannan tsohuwar ba ta san ta ba, kuma in na kuskura na nuna wa wani, in nemi wata kakar. Ban iya gaya mata mutanen garuruwa uku sun riga sun gani ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Zaurenmu zai yi baje kolin hotuna na farko bayan Sallah, a nan Ƙanƙara, kuma hoton Kaka na gaskiya da na ɗauka aka zaɓa a rataye a tsakiya. Ni! A tsakiya! Bakina bai riƙe ba, na faɗa wa Kaka. Ta ba ni atamfa in ɗinka mata, ta ce da ita za a je ta ga yadda maza za su yi layi. Ita ta ɗauka gyararren za a rataye. Shafa'atu kuwa ta ce in na kawo wannan 'yar tsanar, gara a bar bangon haka nan. Muttaka, wanda ya koya mini, ya kashe wayarsa.

Malam, in rataye na gaskiya in roƙi gafara daga baya? Ko in ce mata an fasa taron? Ina son wannan bangon kamar raina.

Naka, Tela Mai Hoto, Ƙanƙara.

*

Tela Mai Hoto, barka da arziki. Na karanta littattafai da dama a kan masu neman maganin tsufa, sarakuna sun ƙarar da dukiya ba su samu ba, ashe yana Faskari cikin wayar Muttaka.

Mu fara da ƙaryar an fasa taro. Kada ka soma. Tsohuwar da ta fitar da atamfa daga ƙasan akwati za ta san ranar taron kafin kai, kuma ɗan acaɓa ba ya wuya a Mabai.

Shafa'atu tana da gaskiya a fannin sana'a. Fuskar da ba ta da tamoji ba ta da labari, kuma wannan tsagar da ka share da ɗan yatsa, wanzami ne ya yi ta, da ita ake gane gidan da mutum ya fito, yanzu kuwa an kusa daina yi. Amma gaskiyar Kaka ta fi tata nauyi, domin fuskar tata ce. Wayar ce kawai taka. Ka riga ka nuna ta a zaure ba da saninta ba, to kada ka ƙara da rataye ta gaban jama'a tana tsaye cikin sabon ɗinki.

Ina kuma zargin ba tsufan ne ya fi ɓata mata rai ba. Matan zamaninsu in za a ɗauke su hoto, wanka suke yi, su sa kwalli, su kafa ɗauri, su zauna su ɗora hannu a gwiwa kamar masu jiran hukunci. Kai kuwa ka kama ta da zanen aiki, ƙaiƙayi a ka, baki buɗe. Ko ni aka yi wa haka sai an ji mu.

Don haka ka gama ɗinkin nan, ka kai mata da goro, ka faɗa mata gaskiya duka, har da garuruwa ukun. Za ka sha zagi, ka shanye. In ta huce, ka roƙe ta ta shirya yadda take so, ka zaunar da ita tana fuskantar ƙofa da hantsi, hasken Allah ya yi aikin da ka ɗora wa manhaja. Ka tambaye ta labarin tsagarta, ka bar ta ta yi ta zuba, kana ɗauka. In za ka gyara, ka ɗan ɗaga duhun kawai, ka cire hannunka. Sannan ka jera mata su, ta zaɓa da kanta.

In ta zaɓi sabon, ka yi nasara. In ta yafe maka na shiƙar, ka yi sadaka. In kuwa ta kafe sai gyararren, ka gaya wa 'yan zaure su ba wani tsakiyar bangon, ka riƙo hannun Kaka ku je kallon na mutane. Wanda ya iya ɗaukar irin wannan hoto sau ɗaya zai sake, bango kuma ba ya ƙarewa a Ƙanƙara.

Allah ya ƙara wa Kaka Mero lafiya, ya sa ta daɗe tana zaginka.

Malam Gide