Giwar Dutse a Wayar Salim

Daren Talata, Jurf, ƙasar Larabawa

Salim Ba'indiye abokin aikinmu ya dawo daga ijaza, hutun ganin gida, yau, ya hana mu cin abincin rana da hotuna. Wai kusa da garinsu ne, a bakin teku, ɗakunan bautar Hindu da mutanen da can suka sassaƙa daga dutse guda, ba siminti ba haɗi. Har da giwa, kamar ta taka. Ni da nake yankan marmara da inji, na san irin wuyar da aka sha kafin kunnen giwar nan ya fito. Amma haushi ya hana ni yabawa.

Na ce, "Kana Musulmi, me ya kai ka wurin gumaka?"

Ya ce, "Ya akhi, yara na kai kallo."

To, abin da ya tsaya min a rai ke nan. 'Yarsa na kan wuyansa a hoton, tana miƙa hannu ta taɓa kunnen giwar. Shi mudir, manajanmu, ya sa masa hannu a takardar hutu ba gardama, ni tun bara nake shan gobe-gobensa, wato "bukra in sha Allah."

Ɗazu na kira gida. 'Yata Hafsa ta leƙo, ta juya ta ce wa uwarta, "Umma, mutumin cikin waya ne."