Soson da Aka Ɓare daga Bangona

Ƙanena,

"Yaya, kafin kwantiraginki ya ƙare, ɗakinki ya tashi." Bakinka ne ya faɗa. Duk da haka ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ka ce mata lafiyata lau, tarin ma da sauƙi.

Na ga hoton ginin. Bulon soson da na aiko, kankare ake zuba masa a ciki, a bar shi a jikin bango, shi ke tare zafi. Shafi uku na rubuta maka. Amma kana tsaye magini ya ɓare shi kamar katako, har aka shimfiɗa wa kaji.

Shekara shida ina yanka soson nan a masana'anta marar taga, ina kwana ɗaki ɗaya da mata bakwai. Bangon da ake yi da shi, ko ihu ka yi a ciki ba a ji. Haka wasiƙuna, ashe.

Ranar talatin ga wata za a miƙo min takardar ƙarin shekara biyu. Na gaji da sa hannu. Ka tayar min da ɗaki ɗaya da sauran bulon kafin ranar. In ba haka ba, ɗakinka zan sauka, kai ka koma wurin kajin. Shimfiɗarsu mai kyau ce, ni na yanka ta.

Allah ya shirye ka.

Yayarka